Yadda Ake Ceto PostgreSQL Idan Saba Ta Faɗi Ta Shiga Yanayin Farfaɗowa

Tambayar yadda ake ceto PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, idan sabar da take kai ta faɗi, ta yi ta zuwa mini, kuma kusan kullum da siga ɗaya take zuwa. An ɗauke wuta, ko kuma ana tsaka da aiki manhaja ta tsaya cak, da aka leƙa sai ga wannan rubutu:

`FATAL: the database system is in recovery mode`

Daga nan hankali ya tashi, oga na kira, masu jiran rasit sun yi layi, sai mutum ya fara latsa duk abin da ya gani a intanet. A nan ne ake yin asarar. A iya abin da na gani, faɗuwar saba ita kaɗai ba ta cika cinye bayanai ba, hannun mai gyara ne ke cinye su cikin rabin awar farko.

Saƙon da ka gani magani ne ke aiki. PostgreSQL ba ta shigar da canji cikin ainihin fayilolin tebur sai ta fara rubuta shi a wani kundi da ake kira WAL, kamar mai shago da ke rubuta cinikin yini a ƙaramin littafi, sai dare ya kwafe a babban littafi. Idan ta faɗi ba shiri, da ta tashi sai ta koma kan ƙaramin littafin ta bi shi layi-layi daga inda ta tsaya da kwafewa a babban littafi. Kafin ta gama ba ta karɓar kowa.

Misalan nan na PostgreSQL 16 ne a kan Ubuntu ko Debian. Idan taka 14 ce ko 15, sai ka canja lambar. Ka tanadi izinin `sudo`, da faifan waje ko wani wuri da zai ɗauki dukan foldar bayanan har da rara, da takarda da biro don rubuta duk umarnin da ka bayar da lokacin da ka ba da shi. Takardar nan kar ka raina ta, wanda zai taimake ka gobe ita zai fara nema.

1. Cire hannunka, ka sallami masu ƙwanƙwasa ƙofa

Tsayar da manhajar da ke magana da rumbun, da duk ayyukan `cron`, masu gudana da kansu a kan lokaci, da ke taɓa shi. Rumbun kansa ka bar shi.

Gargaɗi: kar ka sake kunna saba don ka ga ko za ta gyaru. Idan ka katse farfaɗowa a tsakiya, ba daga inda ta tsaya za ta ci gaba ba, baya za ta koma ta faro daga tushe. Wanda ya yi haka sau biyar ya jira sau biyar.

Kar kuma ka yi `kill -9` a kan kowane aiki na postgres. Ko ɗaya daga cikin ƙananan ka kashe ta wannan hanya, babban zai ɗauka an gurɓata ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kai, ya kori kowa, ya sake shiga farfaɗowa. Mutane da yawa da hannunsu suka jawo wa kansu wannan saƙo suna ƙoƙarin kashe tambaya (query) guda da ta daɗe. Hanyar da ta dace ita ce `pg_cancel_backend` ko `pg_terminate_backend`.

Idan a cikin Docker ko Kubernetes take, masu gudanar da manhaja cikin keɓaɓɓen akwati, duba ko akwai mai gadin lafiya da ke sake kunna akwatin duk lokacin da rumbun bai amsa ba. Shi ma katse farfaɗowar yake yi. Kashe shi na ɗan lokaci.

2. Karanta log daga sama

```
pg_lsclusters
sudo tail -n 200 /var/log/postgresql/postgresql-16-main.log
```

Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta layin ƙarshe. Layukan ƙarshe duk kukan manhajar da aka hana shiga ne, ɗaruruwan `FATAL` iri ɗaya. Hau sama har ka iske wurin da abin ya faro. Wannan umarni zai rage maka wahala:

```
sudo grep -nE "PANIC|terminated by signal|interrupted|redo|No space" /var/log/postgresql/postgresql-16-main.log
```

Idan ka ga `database system was interrupted; last known up at` ba tare da wani kuka a gabansa ba, na'urar ce ta mutu gaba ɗaya, galibi wuta. `terminated by signal 9: Killed` na nufin wani ya kashe aikin, kuma idan ba kai ba ne, to Linux ce saboda RAM ta ƙare. `signal 11: Segmentation fault` kwaro ne a manhaja ko RAM mai matsala. `No space left on device` kuwa ya faɗi kansa.

Kwafi waɗannan layuka ka ajiye a gefe kafin log ɗin ya juya.

3. Tafiya take yi, ko zagaye?

Farfaɗowa mai lafiya tana da jeri da aka sani: `automatic recovery in progress`, sai `redo starts at`, sai `redo done at`, a ƙarshe `database system is ready to accept connections`. Idan kana tsakanin na biyu da na uku, duba ko tana motsi:

```
ps aux | grep "startup"
```

Za ka ga wani abu kamar `startup recovering 000000010000000A0000003C`. Jira minti ɗaya ka sake bugawa. Matuƙar lambar ƙarshen na ƙaruwa, aiki na tafiya, ka je ka sha shayi. Daga siga ta 15 ma ita da kanta take rubuta inda ta kai a log duk bayan daƙiƙa 10.

Har yaushe za ka jira? A saitin asali tana kwafe ƙaramin littafi cikin babba duk minti 5, kuma `max_wal_size` na kan 1GB, don haka ƙaramin rumbu kan farfaɗo cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Wanda aka ɗaga wa waɗannan lambobi, ko yake kan tsohon faifai mai juyawa, zai fi daɗewa. Wani lokaci kuma kafin ma a ga `redo starts` sai ta yi shiru, tana tabbatar da kowane fayil ya sauka a faifai ne, kuma rumbu mai dubban tebura yakan ci lokaci a nan.

Zagaye daban ne. Za ka ga ta gama, ta buɗe ƙofa, bayan ɗan lokaci ta sake faɗi, ko kuma ta tsaya da `PANIC` a wuri guda duk lokacin da ta gwada. Wannan jira ba zai gyara shi ba, wuce mataki na 4.

Akwai kuma na uku da ke rikita sababbi: rumbun yana buɗewa, ana karatu, amma ya ƙi rubutu. Buga `SELECT pg_is_in_recovery();`. Idan ya amsa da `t`, leƙa foldar bayanan ko akwai fayil mai suna `standby.signal` ko `recovery.signal`, waɗanda suka maye gurbin `recovery.conf` tun siga ta 12. In akwai `standby.signal`, sabar 'yar rakiya ce, an saita ta ta riƙa bin wata babba, kuma zaman farfaɗowa shi ne aikinta. Kar ka ɗaga ta da `pg_promote()` sai ka tabbata babbar ta mutu kuma ba za ta dawo ba, in ba haka ba za ka wayi gari da rumbu biyu kowanne da nasa lissafin.

4. Kwafi komai kafin ka taɓa komai

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda zai kwana gida da wanda zai kwana ofis.

```
sudo systemctl stop postgresql@16-main
sudo du -sh /var/lib/postgresql/16/main
sudo tar -cf /mnt/waje/kwafi-kafin-gyara.tar /var/lib/postgresql/16/main /etc/postgresql/16/main
```

Na zaɓi `tar` ne domin yawancin faifan waje da filashin da ake saya a kasuwa suna zuwa da tsarin Windows, wanda ba ya riƙe sunan mai fayil da izininsa, amma a cikin `tar` suna nan daram. Sai dai idan filashin FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce 4GB, kwafin zai yanke. Duba kuma cikin `pg_tblspc`, da ita kanta `pg_wal`: idan mahaɗa ce kawai mai nuni zuwa wani faifai, `tar` mahaɗar zai ɗauka ya bar kayan, sai ka kwafi can ɗin daban.

Lissafin lokaci: faifan waje mai juyawa a kan USB 3 na ɗaukar wajen 100MB a daƙiƙa, ke nan 50GB ba zai kai minti 10 ba. A tsohuwar kafar USB 2 ka sa rabin awa. Duk ogan da ya ce ba zai iya jiran rabin awa ba, tambaye shi ko zai iya jiran a sake shigar da bayanan shekara uku da hannu.

Gargaɗi: idan kwafin na tsayawa da `Input/output error`, faifan ne ke mutuwa. Daina wahalar da shi. Saka `gddrescue`, ka ɗauki hoton faifan gaba ɗaya zuwa wani sabo da `ddrescue`, sannan ka yi duk gyaran a kan sabon.

5. Idan faifai ne ya cika

```
df -h
df -i
sudo du -sh /var/lib/postgresql/16/main/pg_wal
```

Sau da yawa za ka iske `pg_wal` ce ta kumbura, kuma a nan shaiɗan ke raɗa wa mutum ya goge. Kar ka goge ko fayil ɗaya a ciki.

An taɓa kirana wata makaranta mai zaman kanta ana saura kwana biyu a raba sakamako. Yaron da ke kula da kwamfutocinsu, mai ƙoƙari ne ƙwarai, ya tarye ni a bakin ƙofa yana share zufa. Ya ce, "Malam, wallahi ban taɓa bayanan ba, log ne kawai na goge don a samu wuri." Da na duba allon, ga `PANIC: could not locate a valid checkpoint record`. Tsohuwar siga suke amfani da ita, inda sunan foldar yake `pg_xlog`, ya ga "log" a jikin sunan ya ɗauka shara ce. Ba shi kaɗai ba ne, irin wannan ɓarna ce ta sa aka canja sunan zuwa `pg_wal` a siga ta 10 cikin 2017. Mun ceto mafi yawan makin, amma malamai uku sai da suka sake shigar da nasu daga takarda.

Wuri ana samo shi ne daga wani gefen:

```
sudo journalctl --vacuum-size=200M
sudo apt clean
```

Duba tsofaffin log a `/var/log`, da tsofaffin kwafin ajiya da wani ya jibge a `/home` ya manta. In faifan ext4 ne, akwai kashi 5 cikin 100 da ake ɓoye wa `root`. `sudo tune2fs -m 1 /dev/sda1`, da sunan naka ɓangaren, zai sako kashi 4, wato kusan 4GB a faifan 100GB, kuma yakan isa rumbun ya tashi. Idan duk bai isa ba, ka matsar da `pg_wal` ɗungurungum zuwa wani faifai rumbun yana kashe, ka bar mahaɗa da `ln -s` a gurbinta.

Da ya tashi, nemo abin da ya hana WAL raguwa, don in ba ka toshe ramin ba zai sake cika:

```
SELECT slot_name, active FROM pg_replication_slots;
SELECT failed_count, last_failed_time FROM pg_stat_archiver;
```

Gurbin (slot, wurin da ake riƙe wa saba 'yar rakiya) da `active` ɗinsa ke `f` yana nufin rumbun na tara WAL yana jiran wata saba da ƙila an daɗe da kashe ta. Idan ka tabbata ba ta dawowa, cire shi da `pg_drop_replication_slot`. Daga siga ta 13 kana iya sa masa iyaka da `max_slot_wal_keep_size`. Idan kuma `failed_count` ne ke hawa, `archive_command` ɗinka, umarnin da ke tura WAL wurin ajiya, ya karye, gyara inda yake turawa.

6. Idan RAM ce ta ƙare

```
sudo dmesg -T | grep -i "out of memory"
```

In an riga an sake kunna na'urar, nema a `journalctl -k -b -1`. Idan ka ga `Killed process` da sunan postgres, ka kama ɓarawon. A Docker alamarsa ita ce akwatin ya fita da lamba 137.

Sau da yawa `work_mem` ne, saitin RAM da ake bayarwa don jera bayanai. Asalinsa 4MB ne, sai wani ya karanta cewa ɗaga shi na ƙara sauri ya mayar da shi 64MB. Abin da bai sani ba shi ne wannan adadi na kowane jerawa ne a cikin kowace tambaya, ba na sabar gaba ɗaya ba. Haɗi 100, kowanne da jerawa ɗaya tak, ya kai 6.4GB, a saba mai 4GB. Mayar da shi ƙasa, ka bar `shared_buffers` a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na RAM, ka sa ɗan `swap`. Idan haɗin ne suka yi yawa, PgBouncer, manhajar da ke rage yawan haɗin da ke isa rumbun, kyauta ne kuma ya fi ƙara `max_connections` amfani. Ƙarin RAM a sabar haya kuɗi ne da za ka riƙa biya duk wata, don haka fara da saitin.

A log ɗin, kusa da layin `signal 9`, akwai `Failed process was running:` tare da tambayar da ke gudana lokacin. Sau da yawa wani rahoton ƙarshen wata ne ke jawo komai.

7. Wuta, faifai da ƙananan tangarɗa

Bayan ɗaukewar wuta, rumbu mai lafiyayyen faifai yakan farfaɗo da kansa. Idan bai yi ba, tuhumi faifan:

```
sudo smartctl -a /dev/sda
sudo dmesg -T | grep -iE "I/O error|ext4"
```

`Reallocated_Sector_Ct` ko `Current_Pending_Sector` da ya wuce sifili alama ce ta faifan da ya kama hanya. Ga `signal 11` kuwa, gwada RAM da memtest86+, ka cire duk wani ƙari da aka saka wa rumbun kwanan nan, ka sabunta zuwa ƙaramar siga ta ƙarshe a layinka.

Duba kuma `postgresql.conf` ko wani ya sa `fsync = off` ko `full_page_writes = off` don neman sauri. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, wannan ganganci ne.

Ƙananan biyu: idan ya ce `lock file "postmaster.pid" already exists`, tabbatar da `ps aux | grep postgres` cewa babu ko ɗaya da ke raye kafin ka cire fayil ɗin. Idan kuma ka dawo da folda daga kwafi ya ƙi ta, mai ita dole ya zama `postgres`, izininta 0700 ko 0750.

8. Idan ya ƙi tashi sam

Kana da kwafin ajiya mai kyau, na pgBackRest ko Barman ko `pg_basebackup` ko ma `pg_dump` na daren jiya? Dawo da shi a sabon wuri. Asarar aikin yini ɗaya da ka san iyakarta ta fi rumbun da ba ka san inda ya rube ba.

Sai in babu ne ake zuwa ga `pg_resetwal`, kuma sai an yi mataki na 4. Fara da gwaji, wanda ba ya canja komai:

```
sudo -u postgres /usr/lib/postgresql/16/bin/pg_resetwal -n -D /var/lib/postgresql/16/main
```

Idan za ka yi na gaske, `-f` ne a madadin `-n`. Ka san abin da kake yi: yaga ƙaramin littafin nan kake yi ka ce wa rumbun ya ɗauka babu komai a ciki. Zai tashi, amma wasu cinikin da aka kammala sun tafi, wasu kuma rabinsu ya shiga, sai ka ga rasit babu biya ko biya babu rasit.

Gargaɗi mafi girma a nan: kar ka buɗe wa ma'aikata don ka ga ya tashi. Nan take ka yi `pg_dumpall -g` da `pg_dump` na kowane rumbu, ka ƙirƙiri sabo da `pg_createcluster 16 sabo`, ka zuba a ciki, ka yi watsi da tsohon. Wajen zubawar ne kurakurai za su fito fili, lambobin da suka maimaitu da layukan da suka rasa iyayensu. Rubuta su duka ka zauna da mai lissafin ofishin.

Idan kukan `invalid page in block` ne tare da hanya kamar `base/16384/16423`, shiga wannan rumbun ka buga `SELECT pg_filenode_relation(0, 16423);` ka ga sunan abin da ya lalace. In fihirisa (index) ce, ka yi sa'a, `REINDEX` ya wadatar. In tebur ne, akwai `zero_damaged_pages`, amma shafe shafin 8kB ɗin yake yi da duk layukan da ke cikinsa. Kunna shi a zama ɗaya kawai, a kan kwafi, don ka iya fitar da sauran.

9. Bayan ya tashi

```
sudo -u postgres pg_dump sunan_rumbu > /dev/null
sudo -u postgres pg_amcheck --install-missing --all
```

Na farkon yana tilasta karanta kowane layi, in akwai ruɓa zai yi kuka. Na biyun, wanda ya zo da siga ta 14, yana duba fihirisa ma. Sannan ka kira wanda ya yi aiki na ƙarshe ya nemo rasit ɗinsa na ƙarshe da idonsa.

In ka iske wani tebur fayau babu komai, duba ko `UNLOGGED` ne kafin ka ɗora hannu a ka. Irin waɗannan ana share su ne da gangan bayan kowace faɗuwa.

10. Ga masu MySQL da XAMPP

Ƙa'idar ɗaya ce. Karanta `mysql_error.log` a `xampp\mysql\data`, kwafi foldar `data` gaba ɗaya, kuma kar ka goge `ibdata1`, duk wanda ya ce ka goge. Idan InnoDB, injin ajiyar bayanai na MySQL, ta ƙi tashi, sa `innodb_force_recovery = 1` ƙarƙashin `[mysqld]`, in bai yi ba 2, sannan 3. Daga 4 zuwa 6 na iya lalata bayanan har abada, sai a kan kwafi. Da ta tashi, `mysqldump`, cire layin, gina sabo.

11. Kafin wutar gaba ta tafi

Inbata kaɗai ba ta isa ba, domin batirinta ma yana ƙarewa cikin dare babu kowa a ofis. Sayi UPS mai kafar USB, ka haɗa shi da sabar, ka saka `apcupsd` ko NUT, su za su kashe na'urar cikin tsari idan batir ya yi ƙasa. Wajen saya ka duba bayan akwatin da kanka, da yawa daga masu arha ba su da wannan kafa. Bayan ka saita, zare wayar UPS ɗin daga bango da rana tsaka kana tsaye, ka ga ko sabar ta kashe kanta, sannan ka duba log ka tabbata ya rubuta `database system is shut down`.

Idan Docker kake amfani da shi, `docker stop` daƙiƙa 10 kawai yake bayarwa kafin ya kashe da ƙarfi, ƙara masa da `-t 120`. Sa `pg_dump` a `cron` duk dare zuwa wata na'ura daban, ba faifan da rumbun yake kai ba. Sau ɗaya a wata ka ɗauki kwafin ka zuba a wata kwamfuta, ka ƙirga layukan manyan tebura biyu ko uku, ka rubuta a takardar nan minti nawa dawowar ta ci.